Ƙwayar da Anti Sau-Uku Ba Ta Sha Ba

Kantin maganin yana kan kwanar titi, tsakanin mai gyaran agogo da wani shagon takalma da ya sha canza hannu. Shekara talatin da ɗaya Anti Sau-Uku ta yi tana tsaye a bayan teburinsa. Masu sayen magani ne suka laƙaba mata sunan, don ba ta miƙa wa mutum kwali sai ta ɗaga masa yatsu uku ta ce, "Sau uku a rana, bayan ka ci abinci." Ko da takardar ta ce sau biyu, yatsu ukun ne ke fara tashi, sannan ta lanƙwashe ɗaya kamar ba da son ranta ba.

Ba ita ce mai takardar shaidar harhaɗa magani ba. Wannan tana rataye a bango cikin gilashi da sunan mai kantin, wani dattijo da ba ya leƙowa sai ya ga dama. Ita da tsumman goge ƙura ta shigo wurin, tana 'yar shekara ashirin da ɗaya. A hankali ta san kwalabe, ta san wadda ke son sanyi da wadda ba ta son haske, ta kuma iya abin da ya fi duka wuya, wato karanta rubutun likitoci, wanda take cewa kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Wanda bai yi karatu ba sai ta zana masa a jikin kwalin: rabin rana don safiya, cikakkiya don tsakar rana, jinjirin wata don dare. Akwai tsofaffi a unguwar da ba sa haɗiye ƙwayar da babu zanenta a kwalinta.

Tana da doka guda da ba ta sassautawa: ba ta sayar wa mai lafiya magani. Direba zai shigo ya ce a ba shi kafso na kwana biyar, doguwar tafiya zai yi, kada ciki ya ɓaci a hanya. Sai ta tambaye shi ina ke masa ciwo. In ya ce babu, ta ce to ita ma babu.

"Lafiya ba ta shan magani, ɗan'uwa. Je ka wanke hannunka ka nemi ruwa mai kyau."

Ta ga abin da shan ƙwaya barkatai ya yi wa mutane. Ta ga ƙodar da ta gaji, ta ga ciwon da ya daina jin magani. A nan gaskiya ce da ita, kuma ta ceci mutane da yawa da har gobe ba su san an cece su ba.

Tana kuma da wata ɗabi'a da tausayi ya haifa. Akwai magungunan da in an kawo takardarsu ba ta kiran sunansu, ba ta ɗaga yatsu. Sai ta sa su a ambulan mai ruwan ƙasa, ta naɗe bakinsa, ta turo shi ta gefen tebur tana magana ƙasa-ƙasa. Magungunan ciwon sanyi ne da danginsa, cututtukan da ake ɗauka a shimfiɗa. Don ta rufa wa mutane asiri ta fara haka. Sai dai kantin ƙarami ne, layi kuma yana da idanu. Kafin a je ko'ina kowa ya gane ambulan ɗin, abin rufin asiri ya koma shela. Mutum zai fita da shi a aljihu, ƙofa na rufewa abokiyar aikinta Doguwa, wadda harshenta ya fi ta tsawo, ta ɗaga gira ɗaya ta ce, "Wannan da furfurarsa da komai." Anti takan ce mata ta ji tsoron Allah, amma tana faɗa tana danne dariya. Magungunan nan a wani ƙaramin kabad suke a ɗakin baya, makullinsa kuwa yana wuyan hannun Doguwa, ɗaure da roba.

Sai maganar fuskarta. Tana 'yar sha biyar ƙuraje suka sauka mata, suka zauna shekara shida, da suka tashi suka bar ramukansu. Kumatunta biyu suka zama kamar busasshiyar ƙasar da yayyafi ya ɗiga wa ya ɗauke. Rariya ake ce mata a makaranta. Ta koyi zama inda haske ke bayanta, ta koyi dariya da tafin hannu a kunci. Mijinta tela ne, mai shago a bayan tashar mota, mutum mai sanyin hali da ba a raba wuyan rigarsa da allura. Tun yana neman ta ya ce shi bai ga rami ba, in ma akwai to ya riga ya faɗa, kada kowa ya ciro shi. Dakta yake kiranta don tsokana, har 'ya'yansu suka tashi suna zaton sunanta ke nan. Da wannan ta zauna, ta ɗauka ta gama da fuskar tun tuni.

Tsohon kantin yana da duhu mai daɗi: ƙwan fitila ɗaya rawaya, da ragar ƙarfe tsakanin mai saye da mai sayarwa. Da ɗan mai kantin ya karɓi ragama sai ya cire ragar, ya jera fararen fitilu a rufi, ya manna madubai a bayan katakan jera kaya don kaya su cika ido. Ya kuma buɗe sashen mayukan gyaran fata daidai hannun damanta. Daga ranar, duk inda ta juya sai ta yi kiciɓis da kanta, sau huɗu, sau biyar, a ƙarƙashin hasken da ba ya yafe komai.

Wata rana wata budurwa ta zo da ƙuraje a goshi tana neman man da ya fi. Anti ta ɗauko mata ɗaya ta fara bayani. Yarinyar ta dubi kwalin, ta dubi kumatun Anti, ta ce, ba da mugunta ba ma, "Anti, in yana yi ai da kin shafa." Ta matsa wurin Doguwa.

Maganar ta bi ta har gida, ta kwana, ta tashi tare da ita. Ba ta gaya wa kowa ba sai Auta, 'yarta ta ƙarshe, malamar makaranta, wadda ba ta iya ganin uwarta da damuwa ta zauna. Auta ce ta binciko wani asibitin fata a ɗaya ɓangaren garin, inda ake gyaran tabo da hasken lesa. Tela ya ce shi dai fuskar nan ya aura kuma bai kawo ƙara ba, amma in Dakta na so, Dakta ta fi shi sani.

Likitar fatar matashiya ce, ba ta girmi Auta sosai ba, mai magana a tsanake. Ta bayyana mata cewa hasken zai ƙone saman fatar kaɗan-kaɗan har bakunan ramukan su kwanta, sabuwar fata ta tsiro daga ƙasa. Kwana goma fuskar za ta zauna ɗanya, kamar gwiwar yaron da ya faɗi a kwalta. Sannan ta tambaye ta ko ta taɓa yin ƙurajen nan na gefen leɓe da ke fitowa bayan zazzaɓi. Anti ta ce sau biyu, kuma tun haihuwar Auta ba su sake leƙowa ba.

Likitar ta ce ba tafiya suka yi ba. Ƙwayar cutar da ke kawo su, in ta shiga jiki ba ta fita. Can cikin jijiyar fuska take kwanciya ta yi ta barci shekara da shekaru, zafi ko rauni ke tashinta. Lesa kuwa zafi ne da rauni a lokaci guda. In ta farka ta tarar babu fatar da za ta tare ta, ba a gefen leɓe za ta tsaya ba. Duk inda hasken ya taɓa za ta bi, har ido tana iya kaiwa. Saboda haka akwai ƙwayar da za ta fara sha ana gobe aikin, safe da yamma, ba fashi, sai fata ta rufe.

"Ba don kina da ciwo ba, Anti. Don kada ki yi."

Ta sunkuya tana rubutu. Tun takardar na juye a gaban likitar Anti ta karanta sunan. Ta san shi. Yana cikin kabad ɗin Doguwa, layi na biyu, daga hagu.

Kada a ce jahilci ne. Ta san maganin nan ba na ciwo ɗaya ba ne. Ta sha ba tsofaffin da ƙuraje masu zafi suka zagaye wa ƙugu kamar ɗamarar wuta, ta sha ba masu ciwon leɓe. Amma ta san shi ne kuma ake rubuta wa masu ƙurajen al'aura, kuma ita da hannunta ta sa shi a sahun masu ambulan, ba ta taɓa tsayawa tantance wanene wane ba. Yanzu ga takardarsa da sunanta a kai.

Ran Litinin ta shiga ɗakin baya ta tsaya gaban kabad ɗin. Doguwa ta leƙo, makulli na lilo a hannunta, ta ce, "Yaya, me aka nema?" Ta ce almakashi. Ran Talata bayan an tashi ta hau mota zuwa kantin da ke kusa da tasha. Tana shiga yarinyar da ke bayan tebur ta miƙe da murna, ashe ɗaya ce daga cikin waɗanda ta koya wa aiki, har da kawo mata kujera. Ta sayi filasta ta fito. Ran Laraba ta ƙetare gada zuwa unguwar da ba ta san kowa ba, sai ga mai kawo musu kaya daga babban sito yana sauke kwalaye a ƙofa, yana gaishe ta tun daga nesa. Ta sayi auduga. Shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce: babu teburin magani a garin nan da ba a san fuskarta ba, ita da ta ƙare rayuwarta tana ɓoye fuskar.

Tela ya ga jakar cike da auduga da filasta ya ce, "Dakta, reshe za mu buɗe a gida?"

Ta yi dariya, takardar kuwa tana aljihun farar rigarta ta aiki, a ninke huɗu. Ta yi tunanin aiken Auta, sai ta hango 'yarta budurwa a layi, ana turo mata ambulan ta gefen tebur. Ta yi tunanin aiken Tela, sai ta ji muryar Doguwa a kan furfurarsa. Da hanyoyi suka ƙare, dokarta ta zo ta zauna kusa da ita kamar tsohuwar ƙawa. Shekara ashirin da biyar ba ta ga ƙurjin nan ba. Lafiyarta ƙalau. Likitocin yanzu komai sai sun rubuta, don su wanke kansu. Ita ce fa ke hana mutane wannan.

Ranar aikin, ma'aikaciyar jinya ta zo da takardar tambayoyi. Matar da ke gabanta a layi sai da ta buɗe jaka ta nuna kwalin, aka ƙirga gurbin ƙwayoyin da ta ɓalle. Da aka zo kan Anti, tun ba a gama tambayar ba ta kira cikakken sunan maganin, ta faɗi ƙarfinsa, ta ce ta fara jiya da safe, sau biyu, ta sha na yau ma. Ma'aikaciyar ta yi dariya ta ce ga 'yar gida, ina ma kowa haka yake. Ta yi maki a takarda. Ba ta ce a buɗe jaka ba.

Aka rufe mata idanu da wasu ƙananan marufai masu sanyi. Ta ji na'urar na ƙas-ƙas kamar keken Tela in yana bin dogon ɗinki, ta ji iska mai sanyi na bin kuncinta, ta ji ƙaurin gashi. A cikin duhun nan ta tuna ajin makaranta, ta tuna sunan da ake kiranta, ta ce a ranta yau za a ƙone shi.

Kwana uku komai ya tafi yadda aka faɗa. Fuskar ta kumbura, tana tsattsafo da ruwa, ana shafa mai ana sauke labule. Tela yana rufe shago da wuri ya zo da aikin hannu ya zauna a bakin gado, yana sa maɓalli yana ba ta labarin masu kawo yadi kaɗan su ce a fitar musu da riga da wando da hula. Tana roƙonsa ya daina, dariya na ja mata fata.

A rana ta huɗu da hantsi ta ji wani abu a gefen leɓenta na hagu. Ba zafin ƙuna ba ne, wannan ta saba da shi. Daga ciki yake, kamar ana turo allura daga ƙarƙashi. Ta san shi, ko da shekara ashirin da biyar ta raba su. Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ta, a madubin banɗaki kuma ta ga wasu ƙananan ramuka zagayayyu sun jeru daga leɓe zuwa kunci, daidai wa daida, kamar an bi su da abin huda fata.

Auta ta mayar da ita asibitin. Likitar ta haska fitila ta daɗe tana dubawa, ta ce a ɗanyar fata ciwuka kan yi kama da juna. Sai ta tambaya ko tana shan ƙwayar nan ba fashi. Auta na tsaye riƙe da jakar uwarta. Anti ta ce tana sha.

Likitar ta ce to in haka ne ta fi zargin wata ƙwayar cuta ce daga waje ta shiga raunin. Ta goga auduga a wurin don a kai gwaji, ta ce sakamako sai jibi. Ta ba ta kafso, ta ce ta ci gaba da ƙwayar farko yadda take yi.

Anti ta koma gida da kafson da ta san ba nasa ciwon ba ne, ta haɗiye shi da ruwa a gaban mijinta. Farar rigar na rataye a bayan ƙofa, tana ganin ta daga gado. Taku huɗu ne tsakaninsu. Ta ce wa kanta ƙurjin leɓe mako guda yake yi ya bushe, tun tana yarinya haka yake. Ta ce gobe in bai sauka ba za ta faɗa. Da goben ta zo, ramukan sun haɗe da juna sun haura karan hanci, faɗin kuma ya fi na jiya nauyi, don yanzu ƙaryar ta zama biyu.

A rana ta shida ta farka fatar idonta na hagu ta kumbura ta rufe. Da Tela ya ɗaga labule sai ta yi ƙara, hasken ya shige ta kamar tsinke. Ya ajiye rigar da ke hannunsa, bai tsokane ta ba, ya je ya nemo mota.

Sakamakon ya riga su isa. Cutar leɓen ce. Likitar ta kira su ɗakinta su uku, kuma a karon farko Anti ta ga tsoro a fuskar matashiyar likitar. Ta ce abin da ya ɗaure mata kai shi ne yadda cutar ta keta ta cikin magani. Ko dai irin wadda ba ta jin wannan ƙwayar ce, sai an nemo wani magani mai wahalar da ƙoda wanda ba su da shi a nan, kuma ido ba zai jira ba. Ko kuma ƙwayar da aka sayar mata jabu ce. Ta ce Auta ta yi maza ta je gida ta ɗauko kwalin, tana son ganin lambarsa, tana son sanin kantin da ya fito, don in jabu ne akwai wasu da ke shan sa yanzu haka.

Auta ta miƙe tana cewa ai daga kantinsu ne, Anti Doguwa ce ke riƙe da irin waɗannan. Ta tambayi uwarta a ina ta ajiye shi.

Anti ta zauna da ido ɗaya a buɗe, yana zubar da ruwa. Ta ga likitar ta jawo takarda za ta rubuta sunan kantin.

"Kada ki je, Auta."

"Mama, minti nawa ne a mota."

"Babu kwali. Ban saya ba. Ko ɗaya ban sha ba."

Likitar ta ajiye biro, ta rufe ido ta sauke numfashi, ta ce to alhamdu lillahi, maganin da suke da shi zai yi aiki ke nan. Ta ɗaga waya ta ce a shirya gado da ƙarin ruwa yanzu, a kira likitan ido. Sai da ta kai ƙofa ta juyo.

"Kwana biyu kika cinye mana, Anti. Ban san me suka tafi da shi ba."

Kwana tara ta yi a gadon asibiti, ana ɗura mata ta jijiya sau uku a yini maganin da ta ƙi haɗiyewa. Likitan ido, wani dattijo mai kaurin gilashi, ya ɗiga mata ruwa rawaya ya haska shuɗiyar fitila, ya ce cutar ta hau kan gilashin idon ta yi reshe kamar bishiyar da ta zubar da ganye. Za su kashe ta, in ji shi, amma inda ta taka yana iya barin hazo. Ta tambaye shi ko za ta iya karanta ƙananan rubutu. Ya ce a bar wa lokaci. Ta san wannan amsar, ita ma ta sha ba mutane ita.

Abin da ya hana ta sukuni ke nan. Fuskar ta riga ta sallama. Amma ido shi ne aikinta. Tsakanin ƙwaya ɗaya da bakwai a rubutun likita 'yar ƙugiya ce kawai, kuma ran mutum na rataye a jikinta.

Tela bai tambaye ta dalili ba sai a rana ta uku, yana ɓare mata lemo. Ta gaya masa duka, har da kantuna ukun da audugar. Ya daɗe yana cire zaren lemon ɗaya-ɗaya.

"Da kin ba ni takardar."

"Da sun ce kai ne ka kwaso wani abu ka kawo gida."

"Su ce mana. Ni da za a ce in je ba riga in karɓo, da na je." Ya ajiye wuƙar. "Wanzami ba ya son jarfa, na sani. Amma shekara talatin muna tare, a ce kin fi jin kunyata a kan tsoron makanta?"

Ya miƙa mata lemon, ya tashi ya tsaya a taga yana kallon motocin da ke shiga da fita.

Doguwa ta zo ran Asabar, Auta ta riga ta gaya mata. Ta zauna a kujerar roba, dogayen ƙafafunta sun rasa wurin zama, ta kasa kallon fuskar ta kuma kasa daina kallo. Can ta ce, "Yaya, ni kika ji wa tsoro?" Doguwa ta ce ita bakinta ne kawai, kowa ya san bakinta, da ta faɗa mata da ta ba ta ta mance. Sai kuma ta ce ai ba ita kaɗai ke dariyar ba. Anti ta ce ta sani. Suka zauna haka har aka ce lokacin ziyara ya ƙare.

Fatar ta rufe a mako na uku. Wasu tsofaffin ramukan sun kwanta kamar yadda aka yi alkawari, musamman a kuncin dama, inda cutar ba ta yi nisa ba. A hagu kuwa sababbi sun maye gurbinsu, sun fi faɗi, da baƙaƙen shaci, gefen leɓen kuma ya ɗan ja sama kamar mai shirin yin magana ta fasa. Idon ya buɗe. Amma a tsakiyarsa akwai wani farin hazo, kamar an huci gilashin taga ba a goge ba. Likitan ido ya ce zai iya raguwa, zai iya zama. Ya ce cutar ta san hanyar idon yanzu, don haka za ta sha ƙwayar kullum har shekara guda, ko tana jin ciwo ko ba ta ji.

Bayan wata biyu ta ce za ta koma aiki. Ɗan mai kantin ya zo gida da kansa, da ladabinsa, ya ce ga shawara: ɗakin baya na bukatar mai lura da kaya, akwai kujera, babu hayaniya, babu hasken da zai dami ido. Ta gode masa, ta ce ita a gaba take tsayawa. Ya ce to a gwada a gani.

Ta isa tun kafin a ɗaga ƙofar ƙarfe. Tsofaffin masu saye suka yi ta yi mata barka, wasu na kallon kwalabe don kada su kalle ta. Takarda ta farko ta hawan jini ce, ta wani da ta san maganinsa tun kafin ya yi furfura. Ta biyu ma haka. Ta fara jin ƙafafunta sun dawo ƙasa.

Wajen ƙarfe goma wata mata ta shigo da yarinya a kafaɗa, jikinta zafi, ta miƙo takarda. Maganin ruwa ne, rubutun wani sabon likita da Anti ba ta saba da hannunsa ba. Ta karanta sunan ba wuya. Sai adadin. Lambar biyu ce da lambar biyar. A tsakaninsu akwai wani abu, ko kuma babu. In ɗigo ne, biyu da rabi ke nan. In babu, ashirin da biyar. Ta karkata kai. Ta rufe idon hagu, na dama ya yi ruwa a ƙarƙashin fararen fitilun. Ta buɗe, hazon ya zo ya zauna daidai wurin. Hankalinta ya gaya mata biyu da rabi ne, yarinya ƙarama ba ta shan ashirin da biyar, ko a mafarki aka tashe ta ta san wannan. Amma idonta bai gani ba, kuma ba ta taɓa ba da magani a kan abin da ba ta gani ba.

Layi ya fara tsawo. Matar ta gyara wa yarinyar kwanciya ta ce, "Anti, lafiya?"

Ta juya ta miƙa wa Doguwa takardar, yatsanta a kan wurin.

"Duba min nan. Akwai ɗigo?"

Doguwa ta duba sau ɗaya. "Akwai, Yaya."

Ta ɗauko kwalbar, ta nuna wa matar layin da za ta tsaya a jikin murfin awo, ta sa ta maimaita. Ɗan mai kantin yana tsaye a bakin ɗakin baya da kwali a hannu. Ya ga komai, ta kuma san ya gani. Ta karɓi takardar mutum na gaba, ta kawo ta kusa da fuskarta.